Yadda na samu manhajojin Windows suka yi aiki a kan Linux ta hanyar Wine

Kwamfutata ta kwana biyu, amma lafiyarta ƙalau, babu abin da take kasa yi mini. Abin da ya tayar da maganar canji shi ne wa'adin 14 ga Oktoba 2025, ranar da aka tsayar za a daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, ita kuwa Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, da masarrafa ta baya-bayan nan, tawa kuma ba ta da su. Sai na yanke shawarar komawa Linux Mint. Girka Linux ɗin kansa bai ba ni wahala ba, kuma yawancin ayyukana na yau da kullum, rubutu da shiga intanet da kallon bidiyo, duk na samu madadinsu nan take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu manhajoji da ba a taɓa yi wa Linux irinsu ba: wata tsohuwar manhajar ajiye bayanan aiki da shekaru na ke zuba lissafina a cikinta, wata ta zane da ta dogara da .NET, wani tsarin Microsoft da ake gina manhajoji a kansa, sai kuma wata ƙarama da ke magana da wata na'ura ta hanyar USB. Na rubuta wannan ne saboda bayanin yadda ake yi yana nan, amma a warwatse yake, kowa ya ɗauki guntu ya bari, alhali a wannan aiki sanin abin da ke gaba da abin da ke baya shi ne rabin nasara.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ko in raba ma'adanar kwamfutar gida biyu, Windows a gefe Linux a gefe, duk lokacin da nake son ɗaya sai na kashe na sake kunnawa. Ko in girka Windows cikakkiya a cikin kwamfutar kwaikwayo irin ta VirtualBox, wadda za ta cinye rabin RAM ɗina, ta kuma buƙaci lasisin Windows. Ko kuma Wine. Da farko na ɗauka Wine ma kwaikwayon kwamfuta yake yi, ashe ba haka ba ne. Manhajar Windows da ta Linux duk masarrafa ɗaya suke hawa, umarnin da ke cikinsu iri ɗaya ne. Inda suka bambanta shi ne yadda kowace ke roƙon babbar manhaja, wato Windows ko Linux, ta yi mata hidima: buɗe mini taga, karanto mini fayil, zana mini maɓalli. Wine tafinta ne da ke tsaye a tsakani, manhajar ta yi roƙonta da harshen Windows, shi kuma ya isar wa Linux da harshen da take ji. Shi ya sa ba ya buƙatar lasisin Windows, shi ya sa kuma manhaja ke gudu a cikinsa kusan da saurin da take yi a gidanta. Aiki ne da aka faro tun 1993, Alexandre Julliard ke jagorantarsa tun 1994, kuma sai a 2008 aka fitar da siga ta 1.0. Shekara goma sha biyar kafin su yarda su kira shi cikakke. Wannan kaɗai ya nuna mini girman abin da suke ƙoƙarin yi, domin dubban ƙofofin Windows ne suke sake rubutawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun ga asalin rubutun ba.

Zangon farko ba a kan kwamfutata ma yake ba, a shafin masu gina Wine ne, wato WineHQ, cikin rumbun bayanan da ake kira AppDB. A nan masu amfani ke rubuta sakamakon gwajin da suka yi wa kowace manhaja, a ba ta daraja daga Platinum, wato tana aiki ba tare da an taɓa komai ba, zuwa Gold da Silver da Bronze, har zuwa Garbage, wadda ba ta moruwa. Manhajar zanen na same ta a matakin Gold, da bayanin abin da za a ƙara mata. Tsohuwar manhajar lissafin kuwa babu ita sam, ba ta shahara ba har wani ya gwada. Abin da na lura shi ne darajar kaɗai ba ta isa ba, dole a duba wace sigar manhajar aka gwada, da wace sigar Wine, da kuma shekarar. Rahoton da aka rubuta shekara takwas da suka wuce yana iya cewa abu ba ya aiki alhali tuni an gyara shi. A wannan zangon ne kuma na tattara takarduna: fayilolin girka manhajojin, lambobin lasisinsu, da kwafin bayanaina gaba ɗaya a wata ma'adana ta waje. Wine kyauta ne, ba a biyan ko sisi, amma bai ɗauke wa kowa lasisin manhajar da ya saya ba. Idan tana neman lamba a Windows, za ta nema a nan ma, wasu ma suna ɗaukar sabon wurin a matsayin sabuwar kwamfuta su ce a sake kunna lasisin.

Daga nan sai girka Wine ɗin. Akwai shi a rumbun manhajojin Mint, dannawa ɗaya ya wadatar, amma na rumbun yakan kasance a bayan na WineHQ, don haka na zaɓi in ɗauko daga tushe. Nan na fara haɗuwa da abin da ya ɗaure mini kai. Umarnin da ke shafin WineHQ yana tambayar sunan sigar Ubuntu ne, ni kuma Mint gare ni. Bayanin shi ne Mint a kan Ubuntu aka gina ta: Mint 21 tana kan Ubuntu 22.04 mai laƙabi jammy, Mint 22 kuma tana kan Ubuntu 24.04 mai laƙabi noble. Laƙabin Ubuntu ake sakawa, ba na Mint ba, in ba haka ba rumbun zai ce bai san ka ba. Kafin wannan ma akwai umarni guda da ba a tsallakewa, wato sudo dpkg --add-architecture i386, wanda ke ba Linux mai bit 64 damar karɓar kayan bit 32. Dalilinsa shi ne manhajojin Windows masu ɗimbin yawa, musamman tsofaffi, har da fayilolin girka sababbi da dama, bit 32 ne. Bayan an ƙara makullin rumbun da adireshinsa, sai a zaɓi reshe: akwai stable, akwai devel da ake sabuntawa kusan kowane mako biyu, akwai staging mai ɗauke da gyare-gyaren gwaji. Na ɗauki stable da umarnin sudo apt install --install-recommends winehq-stable. Jerin abubuwan da ya ce zai sauke ya tsorata ni, sunaye fal shafi, yawancinsu da i386 a wutsiya. Ba matsala ba ce, tagwayen kayan da ke kan kwamfutar ne na bit 32. Sai dai suna da nauyi, duk mai ƙididdige datarsa ya shirya musu. Da ya gama na rubuta wine --version, lamba ta fito, na ji sanyi a raina.

Umarni na gaba shi ne winecfg, mai buɗe saitunan Wine, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu, domin wannan ne wurin da na fi daɗewa kafin in gane. A karo na farko da aka kira Wine, yakan ƙirƙiri wata ɓoyayyar folda mai suna .wine a cikin foldar mai kwamfutar. A cikinta akwai drive_c, wadda manhajojin Windows za su gani a matsayin C: ɗinsu, da Program Files da windows da users duk a ciki, ga kuma rajista, inda Windows ke adana saituna, a ajiye cikin fayilolin rubutu irin su system.reg da user.reg. Wannan folda ita ce dukan duniyar da manhajar ta sani. Zan riƙa kiranta akwati. Yayin da yake haɗa akwatin, wata taga ta fito tana neman izinin sauke Wine Mono, wanda ke tsayawa a madadin .NET. Akwai kuma Wine Gecko, mai tsayawa a madadin injin Internet Explorer ga manhajojin da ke nuna shafin yanar gizo a cikinsu. Na amince, na zauna jira. Akwai lokacin da sandar ci gaban ta tsaya cak har na yi zaton ta maƙale, ban taɓa komai ba, can sai ta ci gaba da kanta. Da tagar saituna ta buɗe sai na ga inda ake zaɓar wace Windows ce Wine zai ce shi ne, daga tsofaffi irin XP har zuwa 10 da 11. Wannan zaɓi ba ya canja yadda Wine yake a ciki sosai, amsar da yake ba manhaja ce idan ta tambaya a ina take, amma manhajoji da yawa da wannan amsar suke yanke ko za su girku ko za su ƙi. Abu ɗaya da duk masana suka haɗu a kai, ni ma na riƙe shi: ba a kiran wine da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta. Yin haka yana ba manhajar Windows iko a kan dukan kwamfutar, yana kuma lalata izinin fayilolin akwatin.

Na fara da tsohuwar manhajar lissafin. Fayil ɗin girkawa ya buɗe, tagar da na saba gani shekara da shekaru ta bayyana a kan Linux, abin ya faranta mini rai ƙwarai. Ta girku har ƙarshe. Na danna alamarta, shiru. Na sake dannawa, shiru. Babu saƙo, babu taga, babu komai. Wannan shirun ne ya fi ci mini rai a duk tafiyar, domin mutum bai san ta inda zai kama ba. Mafita ita ce a daina danna alama, a shiga foldar manhajar ta tagar umarni, wato Terminal, a rubuta wine da sunan fayil ɗin. Nan take rubutu ya zubo. Layukan da suka fara da fixme sun fi yawa, kuma su ne suka fara tayar mini da hankali, ashe yawancinsu ba komai ba ne, tunatarwa ce masu gina Wine suka bar wa kansu cewa wannan ɓangaren bai kammala ba. Layukan da suka fara da err su ne abin dubawa. A cikinsu na ga ɗaya yana cewa ba a samu MSVBVM60.DLL ba. Wato da Visual Basic 6 aka rubuta manhajar, tana neman kayan da a Windows tuni suke zaune, a nan kuwa sai an kawo. Wanda ke kawo su shi ne winetricks, wata ƙaramar manhaja da ta san inda kowane irin wannan kaya yake da yadda ake saka shi. Na rubuta winetricks vb6run, na sake kiran manhajar, sai ga ta ta buɗe. Murnar ba ta daɗe ba, domin da na ce ta buɗe bayanaina sai ta ce ba ta iya haɗuwa da rumbun bayanai. Bincike ya nuna da injin Jet take aiki, wanda tsofaffin fayilolin Access ke hawa, kuma winetricks na da jet40 da mdac28 saboda haka. Da na nema sai ya gargaɗe ni cewa waɗannan akwatin bit 32 suke so, nawa kuwa na bit 64 ne, domin shi Wine ke ƙirƙira idan ba a ce masa komai ba.

A nan ne na gane cewa ba dole ba ne akwati ya zama ɗaya. Ana iya yin goma, kowane da C: ɗinsa da rajistarsa da sigar Windows ɗinsa, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Abin da ake yi shi ne a rubuta WINEPREFIX da hanyar sabuwar folda a gaban umarnin, idan kuma bit 32 ake so a ƙara WINEARCH=win32 a lokacin ƙirƙirarsa. Ba a juya akwatin da aka riga aka yi daga 64 zuwa 32, sabo ake yi. Na yi wa manhajar lissafin nata ita kaɗai, na zuba vb6run da mdac28 da jet40 kafin in girka ta, sannan na kwafo fayil ɗin bayanaina cikin drive_c. Ta buɗe, lissafin shekaru ya fito ras, babu layin da ya ɓata. Ban san na ɗaure numfashi ba sai da na sauke shi. Wani abin lura: tun daga Wine 9.0 na Janairun 2024 akwai sabon tsarin WoW64 da ke gudanar da manhajojin bit 32 ba tare da kayan Linux na bit 32 ba, kuma inda aka gina Wine a kan wannan tsari zalla, ba ya karɓar WINEARCH=win32. Duk wanda ya ga an ƙi masa wannan umarni, ya duba irin ginin da ke hannunsa kafin ya zargi kansa.

Saura gyare-gyaren kwalliya, waɗanda ba su ɗauki lokaci ba. Rubutun cikin manhajar ya fito a cukurkuɗe, wasu kalmomin sun fita daga gurbinsu, saboda tana neman Arial da Tahoma ba ta samu ba. Winetricks corefonts da tahoma suka daidaita wannan. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun riƙa fitowa a matsayin murabba'i a wasu wurare, sai da na zaɓa mata DejaVu Sans a cikin saitunanta. Komai ya yi ƙanana a fuskar kwamfutar, na ƙara DPI, ma'aunin girman abin da ke fitowa, a winecfg. Firinta kuwa ta ba ni mamaki, ban yi mata komai ba. Tunda Linux ta riga ta san ta ta hanyar CUPS, tsarinta na buga takardu, Wine ya miƙa wa manhajar sunanta kawai.

Manhajar zanen na yi mata nata akwatin na bit 64. Wine Mono ya buɗe ta, amma wasu kayan aikinta sun ƙi motsi, daidai da abin da rahoton AppDB ya faɗa. Maganin shi ne a saka .NET na asali da winetricks dotnet48, wanda yakan cire Mono daga akwatin tukuna, ya girka tsohuwar siga ta 4.0, sannan ya ɗora 4.8 a kai. Wannan ne jira mafi tsawo a duk aikin. Tagogi na buɗewa suna rufewa, tagar umarni na ta zubo fixme ba iyaka, wani lokaci komai ya yi tsit kamar ya mutu. Haƙuri kawai ake yi. Idan da gaske ya maƙale, wineserver -k na kashe duk abin da ke gudana a akwatin, a goge shi a sake sabo, kuma a nan amfanin raba akwatuna ya fito fili, domin gogewar ba ta shafi manhajar lissafin ko kaɗan ba. Daga baya ta nemi MSVCP140.dll, wanda kayan Visual C++ ne, vcrun2022 ya biya buƙata. Tana aiki yanzu, sai dai wata taga guda ta duba sabuntawa da ke fitowa fara fat. Na bar ta, ba ta hana ni aiki.

Ta ukun ce ta ƙi, kuma ina ganin ya kamata a faɗi wannan a fili, domin masu yabon Wine sukan tsallake shi. Manhajar ta girku, ta buɗe, amma ba ta ga na'urar ba. Na'urar tana buƙatar direbanta na Windows, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, irin wanda ke shiga can cikin zuciyar babbar manhaja, Wine kuwa a sama yake aiki, zuciyar ta Linux ce, kuma direban kayan aiki na Windows ba shi da inda zai zauna a cikinta. Da na'urar irin wadda Linux ke gani a matsayin /dev/ttyUSB0 ce, da an samu hanya, a haɗa ta da COM1 a ƙara mai kwamfutar cikin rukunin dialout. Tawa ba irin wannan ba ce. Wannan iyakar ce kuma ke hana wasu wasannin intanet masu tsaron hana maguɗi aiki, da manhajojin da lasisinsu ke cikin ƙaramar na'urar da ake soka wa kwamfuta. Babu yawan winetricks da zai warware wannan. Na girka mata Windows a VirtualBox na miƙa mata USB ɗin kai tsaye, ina kunna ta lokacin da buƙata ta taso kawai.

Wasanni ban sha wahala a kansu ba, don haka ba zan ja ba. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, na ɗauke da Proton, wanda Valve ya fitar a 2018 tare da CodeWeavers, kuma Wine ne a cikinsa haɗe da DXVK mai juya Direct3D, harshen zanen hoto na Windows, zuwa Vulkan da Linux ke ji. Shi ke tafiyar da wasannin Windows a kan Steam Deck. Shi ke yi wa kowane wasa akwatinsa. Sharaɗin kawai direban katin hoto ya san Vulkan.

Akwai abin da ban ga ana yawan faɗa ba kuma ya dame ni da na gano shi. A cikin kowane akwati, ban da C:, akwai Z:, wanda ke nuna dukan fayilolin Linux tun daga tushe, kuma Documents da Desktop na akwatin sukan zama hanya ce zuwa foldojin mutum na gaske. Ma'ana duk abin da mai kwamfutar ke iya karantawa ko gogewa, manhajar Windows ma na iya yi. Tafintan da ke isar da roƙon manhajar kirki zai isar da na muguwa, ciki har da masu kulle fayiloli su nemi fansa. Cire Z: a winecfg yana rage haɗari amma ba katanga ba ne. Don haka ƙa'idar da na bi a Windows ita nake bi a nan, ba na buɗe fayil ɗin da ban san asalinsa ba. Mai son ƙarin kariya yana iya amfani da Bottles ta hanyar Flatpak, wata hanyar girka manhajoji a keɓe, wanda ke taƙaita foldojin da ake gani, yana kuma sauƙaƙa duk wannan aikin akwatuna da maɓallai maimakon umarni. Lutris ma haka yake ga masu wasanni, CrossOver kuma na kuɗi ne, yana zuwa da masu taimako. Duk da haka ban yi da-na-sanin farawa da hannu ba, domin ranar da ɗayansu ya yi shiru, na san inda zan leƙa.

Da wani zai fara gobe, abin da zan ce masa shi ne ya duba tun farko ko manhajarsa na buƙatar direba, domin wannan tambayar kaɗai za ta gaya masa ko Wine zai yi ko ya nufi kwamfutar kwaikwayo kai tsaye. Ya yi wa kowace manhaja akwatinta, ya bar .wine na asali don gwaji. Kada ya zuba kayan winetricks barkatai da fatan ɗaya zai dace, ya karanta layin err ya saka abin da aka nema kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa, saboda wani kayan yana ɓata abin da wani ya gyara. Ya riƙa rubuta duk abin da ya saka a wani ɗan fayil kusa da akwatin, ni nawa ya cece ni lokacin da na zo maimaita aikin a kwamfutar wani abokin aiki. Kuma da zarar manhaja ta tsaya da ƙafarta, ya kwafi akwatin gaba ɗaya ya ajiye a waje. Folda ce kawai, ana kwafarta kamar kowace. Wine yakan sabunta akwati da kansa duk lokacin da aka ɗora sabuwar siga, wani lokaci kuma sabuwar kan karya abin da tsohuwar ke yi daidai. Saboda haka na tsayar da sigar da ke kaina da apt-mark hold, ina gwada kowace sabuwa a kan kwafin akwatin lissafin tukuna, sai ta buɗe bayanaina ta kuma buga takarda lafiya sannan in bar ta ta taɓa na gaske.